Ɗan ƙwallon da ba zai zama Ahmed Musa ba

A watan Yulin 2016, ƙungiyar Leicester City, wadda ta girgiza duniya watanni biyu kafin nan da ɗaukar kofin Firimiyar Ingila, ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow a kan kuɗi kimanin fam miliyan 16. A can ya tarar da Jamie Vardy. Duk mai bin tamaula a ƙasar Hausa ya san labarin mutanen nan biyu, ko da a taƙaice ne. Musa ya tashi a Jos, ya buga wa JUTH, ya zo Kano Pillars ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan yana ɗan shekara 18. Shi kuwa Vardy, Sheffield Wednesday ta sallame shi yana da shekara 16, ya koma wata 'yar ƙungiya mai suna Stocksbridge Park Steels, ana biyansa fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'antar da ke ƙera abin tallafe ƙafar marasa lafiya. Ya je Halifax a 2010, ya je Fleetwood a 2011, Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012. Bai taka ƙwallo a Firimiya ba sai da ya kai shekara 27.

Waɗannan labarai biyu su ne jarin masu horar da yara da dillalan 'yan wasa daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu. Idan yaro yana da shekara 16, sai a ba shi labarin Musa. Idan ya kai 24 bai je ko'ina ba, sai a ba shi na Vardy, a ce masa dare bai yi ba. Duka labaran gaskiya ne, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya dame ni shi ne ɗan wasan da ba a ba da labarinsa: wanda ya iya ƙwallo iyawar gaske, ya ba ta ƙuruciyarsa, amma ba zai taɓa ganin Turai ba sai a talabijin. Irinsa su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, kuma a ganina da halin da suke ciki ya kamata a auna ƙwallon kowace ƙasa.

Mu ɗauki saurayi daga Magami, garin nan da ke kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau. Ba mutum ɗaya nake nufi ba. Duk wanda ya zauna a waɗannan garuruwa zai iya laƙaba masa suna. Ya fara a filin firamare bayan la'asar, babu takalmi. Ya shiga ƙungiyar unguwa, wadda samari suka yi karo-karo suka saya mata jesi na gwanjo. Yana shekara 17 aka fara cewa ƙafarsa ta fi ƙarfin ƙauye, sai ya koma Gusau ya raɓe wajen wani ɗan'uwa. Ya buga kofin da wani ɗan siyasa ya sa gab da zaɓe, ya ci babur ko kuma aka yi masa alƙawarinsa. Ya sayar da wayarsa ya biya kuɗin fom na gwaji a Kaduna ko Kano. Daga ƙarshe wata ƙungiya ta rukuni na uku ta ɗauke shi, bisa yarjejeniyar baka da ladan wasa idan an yi nasara. Ya yi shekara biyar ko shida a haka, yana sauya ƙungiya kusan kowace kaka. Wata rana gwiwa ta goce, aka kai shi wurin mai ɗori, ƙungiya ta ba da abin da ta ga dama. Yana shekara 28 ya dawo gida. Sa'o'insa da suka tsaya a kasuwa ko gona ko makaranta sun yi aure sun kama sana'a, shi kuwa ya fara neman wanda zai ba shi babur ya yi acaɓa.

Takwaransa na Ingila ma bai zama attajiri ba, kuma wannan shi ne abin da masu ba da labarin Vardy ke tsallakewa. Gasar ƙwallon Ingila tsani ce mai hawa-hawa. A sama akwai Firimiya mai ƙungiya 20, sai rukunai uku a ƙarƙashinta masu ƙungiya 24 kowanne. Jimilla 92 ke nan. Daga mataki na biyar zuwa ƙasa ake kira ƙwallon wajen lig, kuma tana gangarawa har ƙananan garuruwa da ƙauyuka, ƙungiyoyi ɗaruruwa, kowace ta san idan ta zo ta ɗaya za ta hau, idan ta zo ta ƙarshe za ta sauka. Tun 1987 zakaran mataki na biyar ke da damar hawa na huɗu. Da wannan tsani Luton Town, wadda ta yi shekara biyar a wajen lig daga 2009 zuwa 2014, ta kai Firimiya a 2023, kuma ɗan wasanta Pelly Ruddock Mpanzu ya hau matakan duka tare da ita. Vardy ma da shi ya hau: mataki na takwas, na bakwai, na biyar, na biyu, sannan Firimiya. A kowane mataki akwai mai rubuta ƙwallayen da ya ci, akwai kuma ƙungiyar sama da ke aiko mutum ya zauna a gefen fili ya duba.

Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Adebayo Akinfenwa, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Landan a 1982. Bai taɓa buga Firimiya ba. Ya fara neman abinci a ƙasar Lituweniya, ya dawo Barry Town ta yankin Wales, ya ratsa Torquay da Swansea da Northampton da Gillingham da AFC Wimbledon, ya ƙare a Wycombe a 2022 yana da shekara 40, da ƙwallaye sama da 200 a bayansa. A 2016, a filin Wembley, ya ci bugun fenaritin da ya tabbatar wa Wimbledon hawa mataki na uku. Da 'yan jarida suka tare shi a gefen fili, sai ya shaida musu cewa kwantiraginsa ya ƙare, ba shi da aiki, duk kocin da ke buƙatarsa ya neme shi a WhatsApp. Duniya ta yi dariya, amma maganar ta fito da ainihin rayuwar ɗan wasan ƙananan rukunai: kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, ƙaura daga gari zuwa gari, da fargabar watan Mayu lokacin da ake fitar da jerin waɗanda aka sallama. Ƙungiyoyi ma na mutuwa a can. An kori Bury daga lig a watan Agustan 2019 saboda matsalar kuɗi, kotu kuma ta rufe Macclesfield Town a 2020 saboda bashi.

Duk da haka Akinfenwa ya ci abinci da ƙwallo fiye da shekara ashirin, ya yi ritaya da mutuncinsa. Waɗanda ke ƙasa da shi a tsanin, daga mataki na shida zuwa ƙasa, akasarinsu ma'aikata ne. Mai gyaran famfo ne, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin gidan waya, ko birkila. Ana atisaye da daddare ranar Talata da Alhamis, a buga wasa ranar Asabar, a karɓi ɗan abin da ya samu. Idan ƙafa ta gaji, mutum ya ci gaba da sana'arsa. Wanda ya kai matsayin ƙwararre kuma yana da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, wadda aka kafa tun 1907, tana tallafa masa ya yi kwas ɗin horarwa ko karatun wata sana'a tun kafin ya ajiye takalmi. Bambancin ɗan Magami da ɗan Stocksbridge a nan yake. An tsara ƙwallon ɗayan ne bisa sanin cewa yawancin masu buga ta ba za su kai ƙololuwa ba. Namu kuwa an bar shi ya jingina rayuwarsa kacokan a kan caca.

A takarda mu ma muna da tsani. Akwai gasar ƙwararru ta NPFL mai ƙungiya 20, akwai NNL a ƙarƙashinta, wadda ake rabawa shiyyar Arewa da ta Kudu, akwai NLO a mataki na uku, sannan gasannin jihohi. Kofin ƙalubale, wanda yanzu ake kira kofin Shugaban Ƙasa, ya samo asali tun 1945, kuma a 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauke shi tana rukuni na biyu. Tsanin yana nan, matakansa na ƙasa ne suka ruɓe. Gasar da ta kamata ta riƙe ɗan wasa wata takwas ko tara, sau da yawa ana dunƙule ta a 'yan makonni don rage kuɗin zirga-zirga, ranar farawa kuma sai a yi ta ɗagawa. Ɗan wasan da bai san ranar da kaka za ta fara ba, ba zai iya riƙe shago ko aji ko gona tare da ƙwallo ba. Dole ya zauna a sansani yana jira, yana cin bashi wajen mai shayi.

Sai batun masu ƙungiyoyin. Yawancin manyan ƙungiyoyin Arewa na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi, da tamu Zamfara United ta filin tunawa da Sardauna a Gusau, wadda ta yi zamaninta a gasar ƙoli cikin shekarun 2000 kafin ta gangaro. Ba na cikin masu cewa gwamnati ta cire hannunta gobe da safe. Da ta yi haka, da ƙungiyoyi kaɗan ne za su kai ƙarshen wata. Amma ƙungiyar da ke rayuwa da takardar neman kuɗi daga ofishin gwamna, lafiyarta na bin sha'awar mutum ɗaya ne. Gwamna mai son ƙwallo ya zo, a sayi mota a biya albashi. Wanda ba ruwansa ya gaje shi, a rushe hukumar gudanarwa, 'yan wasa su yi ta sintiri a ma'aikatar wasanni suna bin haƙƙin watanni. A shekarun baya an ƙayyade naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a gasar ƙoli, kuma ko a can ɗin ƙorafin rashin biya bai taɓa yankewa ba, balle a rukunan da babu mai leƙawa. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar yanke kwantiraginsa idan aka riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce. To amma wanda ba shi da kwantiragi a rubuce, me zai yanke?

Hatsarin aikin kuma ba a gwiwa kaɗai ya tsaya ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar zuwa wasa a Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Muhammad. Zakarun ƙasa ke nan a lokacin, waɗanda suka ɗauki kofi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a fili a Lafiya ana wasa da Katsina United, motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Idan haka ta faru a gasar ƙoli, a gaban jami'ai, mai karatu ya ƙiyasta abin da ke jiran yaron da ya faɗi a wasan rukuni na uku, inda kayan agajin duka ba su wuce jakar ƙanƙara da man zafi ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukunin ƙasa da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, kowace na neman zarce ɗayar da yawan ƙwallaye. Kafofin labarai na duniya sun yi mana dariya son ransu. Hukumar ƙwallon ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa 'yan wasan da jami'an ƙwallo har abada. Hukuncin ya dace da laifin. Abin da na kasa mantawa shi ne yawancin waɗanda aka yanke wa hukuncin samari ne marasa suna, kuma kowa ya san ba ɗan wasan da ke jiran kuɗin mota ne ke ƙulla irin wannan ciniki ba. Mutumin da ba shi da takarda, ba shi da albashi, ba shi da wata sana'a, da wuya ya iya cewa a'a idan mai ƙungiya ya ce a buɗe raga.

Yanzu bari in zo kan namu laifin, mu masu kallo. A Ingila, tun shekarun 1960, ba a nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma. Dalili shi ne kada mutumin ƙaramin gari ya zauna a gida yana kallon Manchester United ya bar ƙungiyar garinsu tana wasa babu kowa. Ana ta muhawara a kan dokar, amma har yanzu ana aiki da ita. Abin ban takaici, waɗannan wasanni da aka hana Baturen Ingila gani, su ake haskawa a gidajen kallo na Tudun Wada da Sabon Gari a Gusau, da ƙarfe uku ko huɗu na yamma agogonmu, wato daidai lokacin da ƙungiyoyinmu ke shiga fili. Sun katange kasuwarsu, sun sayar mana da abin da suka hana kansu. Saurayi ya biya kuɗin shiga gidan kallo sau uku a mako ba tare da ƙorafi ba, amma idan aka ce ya biya rabin haka a ƙofar filin garinsu sai ya haura katanga. Wrexham tana mataki na biyar a kakar 2022/2023, kusan mutum dubu goma ke shiga kowane wasanta na gida. Ita AFC Wimbledon da Akinfenwa ya ci wa ƙwallo, magoya baya ne suka kafa ta da kuɗinsu a 2002, bayan an yanke shawarar ɗauke musu tsohuwar ƙungiyarsu zuwa wani gari. Suka fara daga mataki na tara, suka shiga lig a 2011.

Kada a ce mutanenmu ba sa son ƙwallon gida. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Pillars ke wasa ya san ba haka ba ne, kuma wasan ƙarshe na kofin unguwanni a kowane gari na Zamfara yakan tara jama'ar da ɗan siyasa zai yi sha'awa. Sha'awar tana nan. Abin da babu shi ne ƙungiyar da mutum zai ce tasa ce, yana da katin zama mamba, ya san ma'aji, ya san inda kuɗin ƙofa suka tafi.

Akwai kuma dukiyar da muke zubarwa saboda ƙyamar rubutu. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne a jihar Kebbi, maƙwabciyarmu. Daga Jega United ya tafi Fotugal, ya yi shekaru a Mirandela da ke rukuni na uku a can, ya hau Santa Clara a 2019, Porto ta saye shi a 2020, kuma a watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin ƙasar. Hanyarsa ta fi kama da ta Vardy fiye da ta Musa, sai dai a tsanin wata ƙasa ya hau. Abin lura a nan shi ne dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 da 23. Mu yi lissafi da misali. A ce wata ƙungiya a Tsafe ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 17, daga baya wata ƙungiyar Turai ta sayar da shi zuwa wata ƙasa a kan yuro miliyan 4. Kason renon shi ne yuro 200,000, kuma rabon ƙungiyar Tsafe a ciki yuro 80,000 ne. Kuɗin da zai kewaye fili, ya biya koci, ya sayi mota. Tun watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke karɓar irin waɗannan kuɗi ya aika wa masu su. Sharaɗin ɗaya ne: sunan yaron ya kasance a rajistar hukuma, a ƙarƙashin sunan ƙungiya mai rajista, da shekarunsa na gaskiya. Kocin da ya yi shekara shida yana saya wa yaro ruwan leda da kuɗin aljihunsa amma bai rubuta shi a ko'ina ba, a idon doka bai taɓa ganinsa ba. Rage shekaru kuwa, wanda muka mayar abin raha, shi ke goge waɗannan shekarun reno daga tarihin ɗan wasa, ya kuma sa wata makarantar ƙwallo a Legas ko Abuja ta ci guminsu.

Wannan magana ta fi nauyi a Zamfara fiye da ko'ina, domin ranar 30 ga Satumban 2022 aka zaɓi ɗan jihar, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, bayan ya daɗe yana shugabantar ta jiha. Al'adarmu ce mu auna shugaban hukumar da abin da Super Eagles ta yi a gasar Afirka. Ni da za a tambaye ni, da wata tambaya zan auna shi, shi da duk wanda zai gaje shi: a cikin ƙananan hukumomi 14 na Zamfara, ƙungiya nawa ke da rajista, yara nawa ke cikin kundin hukuma, kuma wace rana gasar jiha ke farawa kowace shekara? Amsar ba ta buƙatar biliyoyi. Tana buƙatar magatakarda da kwamfuta da jadawalin da ba a ɗagawa.

Na san abin da wani zai ce. Jihar da 'yan bindiga suka hana noma, hanyar Magami zuwa Ɗansadau ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, mutanen ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu na kwana da ido ɗaya, wa ke da lokacin ƙwallo? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi da'awar cewa tamaula na maganin ta'addanci ba. Masu faɗin haka a taron raba kofi sun fi kowa sanin ba gaskiya ba ne. Abin da na sani shi ne samarin nan suna buga ƙwallon ko mun tsara ko ba mu tsara ba. Suna bin hanyoyin nan masu hatsari zuwa gwaji, suna ba dillalan ƙarya kuɗin gonar gado a kan alƙawarin biza, wasu su ƙare a maƙale a wata ƙasa babu kuɗin dawowa. Rashin tsaron ma hujja ce ta a gina gasar kusa da gida, ta yadda ƙungiyoyin Gusau da kewaye za su kara da juna da rana tsaka a koma gida kafin magariba, maimakon a kwashi yara a mota ɗaya a ratsa rabin ƙasa da su.

Iyayenmu da ke cewa ƙwallo ba sana'a ba ce sun fi mu gaskiya fiye da yadda muke so mu amsa. A yadda take a yau, ga mafi yawan masu buga ta, ba sana'a ba ce. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka zaɓi biyu ne kawai, ko yaro ya bar ƙwallo ko ya bar komai saboda ita. Ƙungiyar da ta san ciwon kanta a Gusau za ta iya sharɗanta wa duk ɗan wasan da bai kai shekara 23 ba cewa sai yana makaranta ko yana koyon sana'a, ta sa atisaye da sassafe ko bayan la'asar don kada ya ci karo da aiki. Garin na da jami'ar tarayya, Ƙaura Namoda na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga kafintoci da masu walda da teloli da masu gyaran waya a kowace unguwa. Ɗan wasan da ke da abin yi ba ya sayar da wasa cikin sauƙi, kuma ba ya bin dillali ido rufe.

Masu zaman kansu sun fara nuna ana iyawa. Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ɗauki kofin gasar ƙoli a 2025, a shekarar da Barau FC ta Kano ta hau gasar. Sai dai ƙungiyar attajiri ɗaya ma tana da irin raunin ta gwamna: ranar da ya gaji, ta mutu. Abin da ya fi dacewa da garuruwa irin namu shi ne ƙungiyar mutane da yawa, kuma a nan ne masu karanta wannan rubutu ke da abin yi. Lauya zai iya rubuta kwantiragi mai shafi ɗaya da Hausa, wanda ɗan wasa zai karanta ya gane, ya ƙunshi ladan wasa da wanda zai biya kuɗin asibiti idan an ji rauni. Akanta ya riƙe littafin kuɗin ƙofa ya liƙa lissafin a bango duk wata. Likita ko ma'aikacin jinya ya duba zuciya da hawan jinin 'yan wasa kafin kaka, ya koya wa mutum biyu a benci yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Mutum ɗari biyu masu albashi, kowa ya ajiye abin da yake kashewa a kuɗin kallon ƙwallon Turai na wata guda, sun isa su riƙe ƙungiya a gasar jiha. Mu 'yan jarida kuma, da muka haddace sunan mai tsaron ragar Arsenal na uku, mu fara buga sakamakon wasan Bunguɗu da Kwatarkwashi da sunayen waɗanda suka ci, domin mai neman 'yan wasa daga Kano ko Kaduna ba shi da inda zai duba in ba a rubuce ba. A kuma sa wasannin ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da gidajen kallo ba su da babban wasan da za su nuna.